Ƙaurar Scotland Yard: Hedkwata Ta Tashi, Caji Ofis Sun Rufe

A watan Disamban 2014 hukumomin birnin Landan suka sayar da hedkwatar 'yan sandansu. Wani kamfanin zuba jari na Abu Dhabi ne ya sayi ginin, mai lamba 10 a titin Broadway, a kan fam miliyan 370, alhali miliyan 250 aka sa masa da farko. A 2016 kwamishina da manyan jami'ansa suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bakin kogin Thames. An rushe tsohon ginin, an gina wa masu hannu da shuni gidaje a filin.

Wannan ce ƙaura ta uku da hedkwatar ta yi. Lokacin da ministan cikin gida Robert Peel ya kafa rundunar a 1829, da 'yan sanda kimanin dubu ɗaya, ofishinta yana lamba 4 a Whitehall Place. Ƙofar baya, wadda jama'a ke bi su kai ƙara, tana kallon wani lungu da ake kira Great Scotland Yard, kuma sunan lungun ne ya bi rundunar duk inda ta koma. Kafin shekara sittin ma'aikata sun kai wajen dubu 13, wuri ya yi kaɗan, ga bam ɗin da masu fafutukar 'yancin Ireland suka tayar a harabar a 1884.

Sai aka gina sabuwar hedkwata a bakin kogi, wadda Richard Norman Shaw ya zana, da duwatsun da fursunonin Dartmoor suka fasa. A 1888, ana cikin aikin, ma'aikata suka tsinci gangar jikin wata mata a ƙarƙashin ginin. Har yau ba a san ko wace ce ba, balle wanda ya kashe ta. An tare a 1890, aka zauna har 1967, lokacin da tarin fayil-fayil da na'urorin sadarwa suka fi ƙarfin ɗakunan, aka koma dogon benen Broadway. A can rundunar take a 1984, sa'ad da sashenta na yaƙi da ta'addanci ya binciki sace ɗan siyasar Najeriya Umaru Dikko, wanda aka samu cikin akwati a filin jirgin saman Stansted.

Ƙaura biyun farko neman fili ne ya kawo su. Ta uku kuwa ƙarancin kuɗi ne. Tun 2010 gwamnatin Birtaniya ta shiga tsuke bakin aljihu, kason 'yan sanda ya ragu, kuma ginin Broadway ya tsufa yana cin kuɗin gyara. Magajin gari na lokacin, Boris Johnson, ya ce ribar cinikin za ta tafi ga kayan aiki, irin su kyamarar da ɗan sanda ke maƙalawa a ƙirji da ƙananan kwamfutoci na hannu. Ginin da aka koma, Curtis Green, ya fi na da ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma asalinsa rundunar aka gina wa shi a ƙarshen shekarun 1930, jikin hedkwatar 1890.

Tashin 'yan sanda ya bambanta da na sauran ma'aikatu. Kowane kayan shaida, wuƙa ce ko waya, sai an rubuta hannun da ya ɗauka da wanda ya karɓa, domin giɓi ɗaya a rajistar ya isa lauya ya rusa shari'a. Kiran gaggawa ma ba ya jiran a gama kwasar kaya. Abin da ya sauƙaƙa wa Landan shi ne tun kafin ƙaurar ana amsa kiran 999 ne a cibiyoyi uku, Lambeth da Hendon da Bow. Allon sunan hedkwatar mai juyawa da 'yan jarida ke tsayawa gabansa ya bi rundunar, haka ma gidan ajiye kayan manyan laifuffuka na tarihi.

An shirya Sarauniya Elizabeth ta biyu za ta buɗe ginin ranar 23 ga Maris, 2017. Ana gobe biki aka kai hari a gadar Westminster da ƙofar majalisa, taku kaɗan daga wurin, aka kashe mutane har da ɗan sanda Keith Palmer. Sai 13 ga Yuli aka yi bikin.

Cinikin Broadway ya yi riba, wannan babu gardama. Amma wanda aka fasa wa gida da dare ba ruwansa da inda kwamishina yake zama, caji ofis na unguwarsa yake nema, kuma a nan ne wuƙar tsimin ta fi yanka. A 2013 an rage wuraren da mutum zai shiga ya kai ƙara baki da baki daga 136 zuwa 73. A 2017, shekarar da aka buɗe sabuwar hedkwatar, magajin gari Sadiq Khan ya amince a rufe fiye da rabin waɗanda suka rage, da alkawarin barin ɗaya a buɗe dare da rana a kowace ƙaramar hukuma 32 ta birnin. Hujjar hukuma ita ce yawancin mutane ta waya ko intanet suke kai rahoto. Gaskiya ne ga matasa masu waya a hannu. Tsohuwar da ba ta iya intanet ba, da matar da ta gudo daga dukan miji tsakar dare, su kam sai sun hau bas zuwa wata unguwa kafin su ga ɗan sanda a bayan kanta.