Tashoshi 2,563, Matafiya Biyu

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu Birtaniya, inda wasu mutum biyu suka ɗaura wa kansu wani aiki da ba wanda ya sa su, wato su ziyarci kowace tashar jirgin ƙasa da ke Ingila da Wales da Scotland, kuma a cikin jirgin ƙasa.

Sunansu Geoff Marshall da Vicki Pipe. Ranar 7 ga Mayun 2017 suka tashi daga Penzance, can ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, ba su sauke jaka ba sai ranar 19 ga Agusta a garin Wick da ke ƙuryar arewacin Scotland. Mako 14 da kwana 6 suka shafe a hanya, tashoshin da suka ziyarta kuwa 2,563 ne cif, iya adadin da ƙasar ke da shi a lokacin.

Geoff ba baƙo ba ne a wannan harka. Sau biyu yana riƙe kambun Guinness na zagaye dukan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan cikin lokaci mafi ƙanƙanta, a 2004 da kuma 2013, lokacin da shi da abokin tafiyarsa suka gama tashoshi 270 cikin awa 16 da minti 20. Ita kuwa Vicki ma'aikaciyar gidan tarihi ce, hankalinta ya fi karkata ga mutanen da ke zaune kusa da tasha da tarihin garinsu. Kuɗin tafiyar ma jama'a ne suka yi karo-karo ta shafin Kickstarter, aka tara sama da fam 38,000, su kuma suka riƙa ɗaukar bidiyo suna sakawa a YouTube da sunan All the Stations.

Ƙa'idar da suka gindaya wa kansu mai sauƙin faɗi ce. Ba dole ba ne su sauka a kowace tasha, amma dole jirgin da suke ciki ya zama mai tsayawa a wurin. Jirgin da ya wuce tasha a guje, ba a lissafa masa ita. A nan gizo ke saƙar, domin jirage masu sauri da ke haɗa manyan birane tsallake ƙananan tashoshi suke yi. Sai matafiyan suka koma bin jiragen da ke tafiyar hawainiya, masu tsayawa ƙauye bayan ƙauye, wani layin ma sai sun bi shi fiye da sau ɗaya kafin su tsince tashoshinsa duka.

A lokacin tafiyar akwai tashoshi wajen 150 a Birtaniya da jirgi ba ya tsayawa sai an nema. Wanda ke cikin tarago zai gaya wa kwandasta tun da wuri inda zai sauka. Wanda ke jira a tasha kuwa sai ya tsaya inda direba zai hango shi, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da tasi a bakin titi. In ya yi sakaci, jirgin ya rage gudu ya wuce abinsa, kuma mai yiwuwa na gaba sai bayan awa uku ko huɗu.

Amma abin da ya fi ba su wahala wajen tsara jadawali shi ne tashoshin da jirgi ke zuwa sau ɗaya tak a mako. Denton da Reddish South, a gefen birnin Manchester, a 2017 jirgi ɗaya suke gani, ranar Juma'a da safe, daga Stockport zuwa Stalybridge, kuma ba ya dawowa ta nan. Tashar Teesside Airport kuwa a lokacin sai ranar Lahadi. Duk wanda ya makara da minti biyu, sai ya jira mako guda. Dalilin wannan tsari yana cikin doka. Rufe tasha ko layin dogo a Birtaniya doguwar hanya ce, sai an sanar da jama'a, an saurari ƙorafinsu, an samu amincewar hukuma. Sau da yawa kamfani kan ga ya fi masa arha ya tura jirgi ɗaya a mako, ko da babu kowa a ciki, da ya shiga wannan ɗawainiya. Mutanen ƙasar ba su manta da shekarun 1960 ba, lokacin da rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000, aka kuma rufe mafi yawansu, garuruwa da dama suka wayi gari ba jirgi.

Mu ɗan tsaya a Shippea Hill, tsakanin Ely da Norwich. Fili ne shimfiɗaɗɗe na gonaki, baƙar ƙasa iya ganinka, ga dandamali biyu, ga mararrabar da titin mota ya tsallaka layin dogo, shi ke nan. A ƙididdigar shekarar 2015 zuwa 2016, shiga da fita 12 kacal aka rubuta wa wannan tasha a shekara guda cur, abin da ya sa ta zama ta ƙarshe a duk ƙasar. A wannan shekarar dai tashar Waterloo ta Landan ta ga kusan miliyan 99. Da labarin ya bazu, sai masu sha'awar jirgi suka fara zuwa takanas don su sayi tikiti su ɗaga adadin, kuma Geoff da Vicki ma sun gayyato jama'a zuwa can a lokacin tafiyarsu.

Haka Berney Arms a yankin Norfolk, tasha ce a tsakiyar fadama, babu titin mota da ya isa gare ta. Tun 1844 take nan, kuma ta samu ne saboda mai filin, Thomas Trench Berney, ya ƙi sayar wa kamfanin jirgi da ƙasarsa sai da sharaɗin a gina tasha a wurin. Wanda ya sauka, abin da zai gani shi ne shanu da tsuntsayen ruwa da wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska. A Scotland kuwa akwai Corrour, mita 408 sama da teku, tasha mafi tudu a manyan layukan ƙasar, ita ma ba titin jama'a kusa da ita. Duk da haka jirgin kwana da ke tasowa daga Landan yana tsayawa a nan, mutum ya kwanta a babban birni ya farka cikin duwatsu da barewa.

Wannan ne ya sa tafiyar ta wuce wasan tara lambobi. Ƙa'idar da suka sa wa kansu ce ta tilasta musu zuwa inda ɗan yawon buɗe ido ba ya zuwa, kuma can suka tarar da 'yan sa-kai masu share dandamali da shuka furanni, da tsofaffin ɗakunan jira da aka mayar gidan shayi. Vicki har wani ma'auni ta ƙirƙiro, tana ba kowace ƙaramar tasha maki gwargwadon kyawunta irin na da. Irin waɗannan wurare ba su kawo wa kamfani riba, amma ga tsohuwar da ba ta tuƙi, ko yaron da ke zuwa makaranta a wani gari, su ne ƙofar fita.

Akwai ma waɗanda ke ganin ƙa'idar tasu ta yi sassauci. A Japan, wani mutum mai suna Yokomi Hirohiko sauka yake yi a kowace tasha, ya taka ƙasa, kuma a 2005 ya kammala tashoshin ƙasar 9,843 bayan shekaru masu yawa yana abu ɗaya.

Geoff da Vicki dai ba su tsaya nan ba. A 2018 suka fitar da littafi mai suna The Railway Adventures, a 2019 kuma suka tsallaka tsibirin Ireland suka zagaye tashoshinsa 198, kudu da arewa. Adadin nan na 2,563 ma tuni ya canja, domin Birtaniya ta ci gaba da buɗe sababbin tashoshi, har da sake farfaɗo da wasu layukan da aka rufe a da, kamar na Okehampton da ya dawo aiki kullum a 2021. Duk sabuwar tashar da aka buɗe, Geoff kan je ya ɗauki bidiyonta, sau da yawa tun ranar farko.

A nan za mu dasa aya.