Bitamin D da toshewar jijiyoyin jini

Mu mutanen Dosara da Talata Mafara da Bakura da Maradun mun san abin da yakan sami magudanar ruwan Bakolori idan laka da ciyawa suka taru a cikinta. Ruwa yakan ragu, gonar da ke can ƙarshe ta bushe. Haka jijiyoyin jinin mutum suke. Kitse yakan taru a bangonsu sannu a hankali, shekara da shekaru, har hanyar jini ta ƙuntata. Ran da ta toshe, in a zuciya ne sai ciwon zuciya na farat ɗaya, in kuwa a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki.

Likitoci sun gano cewa bangon jijiyar yakan yi wani kumburi na ɓoye, wanda shi ke sa kitsen nan ya fashe, jini ya daskare a wurin. Akwai gwajin jini da ake kira CRP, wanda yake nuna alamar kumburi a jiki. An kuma lura cewa masu ƙarancin bitamin D sau da yawa alamar nan takan yi sama a jininsu. Daga nan ne magana ta bazu wai ƙwayar bitamin D tana wanke jijiya.

To, 'yan'uwa, an gwada wannan magana. A Amurka an bi mutum fiye da 25,000 har kimanin shekara 5, rabinsu suna shan bitamin D kullum, rabi ba sa sha. Da sakamako ya fito a 2018, sai aka tarar ƙwayar ba ta rage ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba. Mai yiwuwa rashin lafiya ce ke tsare mutum a ɗaki, ya rasa rana, bitamin ya ragu.

Ba mu ce bitamin D ba shi da amfani ba. Ƙashi yana bukatarsa. Fatar mutum ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta, ana kuma samunsa a gwaiduwar ƙwai da hanta da kifi mai maiƙo. Manomin da ya wuni a fadama da wuya ya rasa shi. Tsofaffin da ke kwance a ɗaki, su ya kamata a riƙa fito da su su sha hantsi. Shan ƙwayar fiye da kima kuwa yana iya lahanta ƙoda.

Abin da muke tsoro shi ne mai hawan jini ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, ya koma ga bitamin na kemis. Kada mu yi haka. Mu je asibiti a auna jininmu, mu rage gishiri da dunƙulen miya, mu bar taba, mai ciwon sukari kuma ya kiyaye dokar abincinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ƙara mana lafiya.