Ƙwaya da Bindiga Hanyarsu Ɗaya: Gargaɗi ga Direbobi, Masu Kemis da Iyaye

Jama'a, a saurara. Duk direban da aka miƙa wa kwali a tasha, aka ce ya sauke a wani ƙauye na bakin daji, aka kuma ninka masa kuɗin kaya tun bai yi ciniki ba, ya buɗe ya duba kafin ya tayar da mota. In mai kayan ya hana a buɗe, a mayar masa da abinsa. Akwai kwalin da ake cewa maganin ciwon jiki ne, alhali abin da ke ciki shi ne guzurin mutanen da za su tare wannan hanyar bayan magariba.

Tramol nake nufi, da 'yan uwansa. Wanda likita ke rubutawa, wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi, mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a aljihun samarinmu kuwa 200 ne, 225, har 250, kuma ba ɗaya ake sha ba. Yana kashe gajiya da yunwa, yana dusashe zafin rauni. Mutum ya kwana a kan babur cikin daji, ya yini bai ci ba, ya ji kamar an ɗaura masa sabon jiki. In aka haɗa masa da wiwi da roci da diyazefam, ɗan tsoron da ya rage da ɗan tausayin da ya rage su ma sun tafi. Shi ya sa mayaƙan Boko Haram suka riƙe shi a yankin Tafkin Chadi, shi ya sa 'yan bindigar Zamfara, Katsina da Birnin Gwari ba sa rabuwa da shi. Iyalai da dama da suka kai kuɗin fansa sun san cewa jerin buƙatun bai tsaya a kan kuɗi ba: akwai babur, akwai katin waya, akwai taba, akwai ƙwaya.

A tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. An yi hakan ne don a toshe wa na daji hanyar samun kayan masarufi. To jarka ana ganinta daga nesa, buhun shinkafa ma haka. Amma katin ƙwaya yana shiga ƙasan sirdin babur, yana shiga cikin burodi, yana shiga ƙugun mace mai goyo. Babu bishiyar tramol a dajin Rugu. Kowace ƙwaya da ɗan bindiga ya haɗiya, daga gari ta fito, ta hannun wani da muke gaisawa da shi.

Ba na so a fahimce ni a karkace. Ƙwaya ba ita ta haifi rikicin daji ba. Akwai rigimar gona da burtali, akwai satar shanu, akwai zinaren da ake haƙa ba bisa ƙa'ida ba, akwai zaluncin da aka daɗe ana yi wa talaka a kotu da caji ofis. Haka kuma ba duk mai sha ne mugu ba. Mafi yawansu 'yan wahala ne: lebura, mai tura baro, ɗan acaɓa, mai noman ƙodago da ya fara da rabin ƙwaya don ya gama kunya goma. Waɗannan marasa lafiya ne, magani suke buƙata. Maganata tana kan fataucin, domin dilan da ke sayar wa lebura shi ne dai ke aika wa daji, kuma ribar da ya ci a hannun wannan da ita yake saro wa wancan.

Girman kasuwar ya wuce yadda muke zato. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi mu'amala da kayan maye a shekarar da ta gabata. Miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tramol suka sha ba da izinin likita ba. Kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Wannan na ƙarshen a ajiye shi a zuci, musamman masu ganin matsalar ta 'yan bakin titi ce, ba ta shiga cikin ɗaki.

A 2018 ɗin ne kuma rahoton BBC kan kodin ya fallasa yadda kwalaben maganin tari ke malala a Kano da sauran garuruwa, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Indiya ma, inda galibin tramol ɗin ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018. Mun yi murna, amma fatake ba su rufe shago ba, haja suka sauya. Sai ga wata ƙwaya mai suna Tafrodol, haɗin tapentadol da carisoprodol, ta cika kasuwannin Najeriya, Ghana da Kodibuwa, har sai da wani binciken na BBC ya sa Indiya ta haramta haɗin a Fabrairun 2025. Saboda haka kada uba ya ce ya duba aljihun ɗansa bai ga an rubuta tramol ba, hankalinsa ya kwanta. Suna da launin kati suna canjawa duk shekara.

Sama da wannan akwai kasuwar manya, wadda ba a gani a tasha. Hodar iblis daga Kudancin Amurka tana sauka a gaɓar Afirka ta Yamma, ta ratsa hamada zuwa Libiya da Aljeriya, ta tsallaka Turai. A Nuwamban 2009 an tsinci ƙonannen jirgin sama ƙirar Boeing 727 a hamadar yankin Gao ta Mali, wanda aka yi imani hodar ya sauke. Bayan shekara uku arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai, kuma harajin ayarin masu fasa-ƙwauri na cikin abin da ƙungiyoyin yankin ke faɗa a kansa har yau. A Maris na 2021 an kama tan 17 na dunƙulen wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai. A Janairun 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis a arewacin Nijar, a cikin motar magajin garin Fachi. A Satumban 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ta gano tan 1.8 na hodar a wani gida a Ikorodu ta Legas. A lura da motar da aka kama a Nijar: ta mai riƙe da muƙami ce. Kaya irin wannan ba ya tafiyar kilomita dubbai sai an sayi shingen bincike, an sayi jami'i, an sayi mai rakiya da bindiga. Shingen da aka saba ɗagawa don ƙwaya ta wuce, ba ya tambayar abin da ke cikin mota ta biyu. Ta nan AK-47 da harsashi ke biyo baya.

A cikin gari kuma ba sai an ba mu labari ba. 'Yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, 'yan shila a Yola, samarin fale a Damagaram: suna ne ya bambanta. Yaron da zai soka wa mutum wuƙa a kan waya ba yunwar tuwo ce ke korarsa ba, jikinsa ne ke kiran abin da ya saba masa, kuma dila ba ya ba da bashi. Yawancin faɗan unguwa da ake cewa tsohuwar gaba ce, in an tona, rigimar wa zai sayar a wane lungu ce. Sai zaɓe ya zo, wasu 'yan siyasa su saya da kwali su raba, su ɗora yaran a bayan mota da gora da barandami. An gama ƙidayar ƙuri'a, maigida ya koma Abuja, yaro na nan da wuƙarsa da ƙishirwarsa, a ƙofar gidanmu.

Don haka, Alhaji mai kemis, ka ji tsoron Allah. Ka san fuskar mai ciwo, ka san ta wanda ya zo da tsakar dare yana neman kati ashirin. Tun Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, wanda ya kai musu kaya yana iya fuskantar tuhumar taimakon ta'addanci, ban da hukuncin fataucin ƙwaya mai tsanani. Shugabannin tasha da na 'yan acaɓa, ku sa dokar buɗe saƙo da rubuta lambar mai aikawa. Masu gidajen haya da shaguna, ku san abin da ake saukewa cikin dare. Mai unguwa da liman, kun san gidan da samari ke layi bayan isha'i; kada mutum ɗaya ya kai ƙara a gane shi, ku tafi a ƙungiyance, a rubuce, ku kai wa NDLEA da hakimi lokaci guda don kada takardar ta ɓata a hanya.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa gani da wuri. Yaro ya daina cin abinci amma ba ya rabuwa da lemon kwalba ko shayi mai kauri, yana yawan soshe-soshe, barcinsa ya juye, kuɗin cefane na ɓacewa, fushi ba dalili: kada a rufe don gudun abin kunya. Kada kuma a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa a yi ta duka, ba ya warkarwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma NDLEA na da layin neman taimako kyauta, 080010203040. Wanda ya daɗe yana sha, kada a yanke masa rana ɗaya ba tare da likita ba.

In kuwa kuka ga ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, ko numfashinsa ya yi ƙasa ya ƙi farkawa, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take, a tafi da katin ƙwayar da aka samu a aljihunsa a nuna wa likita.