Jirgin Yaro Ya Ƙi Tashi: Kada A Yi Saurin Faɗa

A Kirsimatin bara ƙanena ya zo mana hutu daga Legas, ya kawo wa ɗana tsarabar da ta hana shi barci, wato ɗan jirgin wasa mai saukar ungulu wanda akan tuƙa da rimot. Muna dawowa daga sujada, yaron ko tuɓe sabuwar rigarsa bai yi ba, ya fito da jirgin tsakar gida, yaran unguwa suka yi masa zobe. Ya kunna, 'yar fitilar jirgin ta kama, ya tura sandar rimot sama. Shiru. Farfela ta ɗan motsa, ta tsaya. Yara suka yi ta dariya har suka watse. Ni kuwa ban bincika kome ba na ce masa, "Ai ka riga ka ɓata shi. Kai ba a ba ka abu ya kwana." Ya ce, "Baba, ban taɓa kome ba," ya shige ɗaki da hawaye. Ashe gaskiyarsa ce. Lafiyar jirgin ƙalau, ranar tsaka ce ta hana shi tashi.

Ga yadda abin yake. Da yawa daga cikin ƙananan jiragen nan masu araha, irin su Syma S107, rimot ɗinsu yana aika umarni ne da wani haske wanda idon mutum ba ya gani, kamar dai rimot na talabijin. Hasken rana kuwa cike yake da irin wannan haske, saboda haka yakan shanye na rimot, jirgin ya zama kamar kurma. Domin cikin ɗaki aka yi su. In kun ga an rubuta 2.4GHz a jikin kwali, wannan da rediyo yake aiki, rana ba ta dame shi ba. Amma ko shi ma a yi hankali da iska, gama abin da nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba, iskar hunturu ba za ta sha wuyar kai shi kan rufin maƙwabci ba. A shiga falo, a kashe fanka, a rufe taga.

To, in an shiga ɗaki kuma har yanzu ya ƙi, sai a duba ko jirgin da rimot sun gane juna. A yawancinsu akan kunna jirgin, a ajiye shi a wuri mai daidai, kada a taɓa shi. Sa'an nan a kunna rimot, a tura sandar hagu har ƙarshe sama, a dawo da ita har ƙasa. Fitilar da take ƙyaftawa za ta tsaya cak. Waɗansu rimot suna da ɗan maɓalli mai haruffa A da B, wani lokaci har da C. Tilas ya yi daidai da harafin jirgin. Takardar da ta zo cikin kwali ita ce alƙali a nan, kada a bar ta a hannun mai tuyar ƙosai.

Amma babban mai laifi, sau da yawa, batir ne, shi ne kuma ya fi ruɗin mutane. Uba yakan ce, "Ai ga fitila tana ci, ga farfela tana juyawa, ina ruwan batir?" Kunna fitila da juya farfela a hankali ba su bukatar ƙarfi mai yawa. Ɗaga jirgi daga ƙasa shi ne aikin. Batirin da ke cikin jirgin ɗan mitsitsi ne, mai ƙarfin volt 3.7, yakan ɗauki wajen minti 40 zuwa sa'a ɗaya kafin ya cika, tashin kuwa ba ya wuce minti 5 zuwa 8. Ya kamata a gaya wa yaro wannan tun da fari, domin kada ya zaci abin ya lalace. A kashe jirgin kafin a sa shi caji. In ya sauko da zafi, a bar shi ya huce kamar minti 10. Akwai waɗanda akan yi musu caji daga jikin rimot; wannan yakan tsotse batura huɗu ko shida na cikin rimot nan da nan, musamman in masu arahar nan ne. Gara a yi da wayar caji.

Batirin da ya daɗe a kanti ko a cikin akwati babu caji yakan raunana. Alamarsa ita ce, jirgin ya yi tsalle sau ɗaya, ya dawo ƙasa, ƙarar injin tana raguwa. Mai gyaran waya yana iya sa masa sabo mai girma ɗaya. Iyaye mata, ku lura da wannan ƙwarai: in kun ga batirin ya kumbura, a daina amfani da shi. Kada yaro ya huda shi, kada a jefa shi cikin murhu, kada kuma a bar shi yana caji a kan katifa a tafi barci, gama irin wannan batir yana iya kama wuta.

Sai batun fukafukai. Jirgin yana da farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa a saɓanin juna. Dalili kuwa shi ne, in farfela ɗaya ce take juyawa, jikin jirgin zai yi ta juyawa ta ɗaya gefen. Manyan jirage sukan magance wannan da ƙaramar farfela a wutsiya, kamar wanda Igor Sikorsky ya tashi da shi a Amurka a 1939. Na wasan yara kuwa farfela biyun nan ne suke soke juyin juna. Saboda haka fukafukan sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne, akan rubuta musu A da B. In ɗaya ya karye, aka canza, aka sa na sama a ƙasa, sai ya riƙa tura iska sama maimakon ƙasa, jirgin ya yi ta ƙara yana manne da daɓe. Gwajinsa ba wuya. Babba ya riƙe ƙafafun jirgin nesa da fuska, a ba shi wuta kaɗan, a sa ɗaya hannun a ƙarƙashi. Tilas a ji iska tana saukowa sosai. 'Yar farfelar wutsiya kuwa ba ta juyawa sai an tura jirgin gaba ko baya, tsayawarta ba ciwo ba ne.

A kashe jirgin, a juya farfela da yatsa. In ta yi tauri, a duba sandar tsakiya. A gidan da ake kitso da ɗinki, gashi da zare sukan naɗe a wurin, a cire su da matsefata ko allura. In injin yana kuka amma farfela ɗaya ba ta bi, haƙoran giya ne suka cinye, ko ƙaramar giyar ta zame daga kan injin. Masu karatunmu na Jos su tuna garinsu yana bisa tudu wajen mita 1,200, iska ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka batir mai rauni zai fi saurin kasawa a wurinsu.

Akwai kuma tsoron ɗan koyo. Yaro yakan tura sanda kaɗan kaɗan, jirgin ya yi ta zamewa a ƙasa cikin iskar kansa har ya bugi kujera. A koya masa ya tura da ɗan ƙarfi har jirgin ya kai kamar gwiwa ko ƙugu, sa'an nan ya sassauta. In zai faɗi, ya mai da sanda ƙasa nan take, domin kada giya ta cinye. A kawar da jarirai daga wurin, gama farfela tana iya yi wa ido rauni.

Mu dai a ran nan sai da magariba ƙanena ya gwada jirgin a falo, ya tashi har ya kusa taɓa silin. Na shiga ɗaki na tarar da yaron kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ce masa, "Na yi maka faɗa a kan abin da ba ka yi ba, ka gafarta mini." Bai ce kome ba, sai da ya ji ƙarar jirgin ya tashi da gudu. Kashegari ya kira yaran nan da suka yi masa dariya, uwarsa ta kwashe kwanukanta daga kan kabad, suka yi layi a falo, kowa minti ɗaya.