Masu Shagon Kwamfuta, A Daina Zare Waya Ana Cikin Sabunta Manhaja

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunan buga takardu, daga Miga har Jahun da Dutse, kuma ita ce take kashe kwamfutocin tebur tun kwanansu bai ƙare ba. Mai shago zai kunna na'ura da safe, allo ya yi shuɗi, ɗigo-ɗigo suna ta zagayawa, ga gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa kada a kashe. Ga ɗalibi a tsaye da takardunsa yana jira, janareta kuma yana ta shan fetur. Sai kawai maigida ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fizge waya daga soket, ya mayar. Allon ya sake dawowa, ya sake fizgewa. Haba malam! Rubutun nan da ke gabanka ado ne?

A wannan lokacin Windows tana cire tsofaffin fayilolinta tana dasa sababbi. Idan aka yanke wuta a tsakiya, an bar aikin kamar ɗakin da aka kware rufinsa ga hadari ya taso. Da an kunna, za ta yi ƙoƙarin ƙarasawa, ta kasa, ta warware, ta sake farawa. Daga nan sai ka ji ana cewa kwamfuta ta kamu da bairos, a ɗora ta a bayan babur zuwa Dutse, mai gyara ya yi mata fomatin, takardun mutane na shekaru su bi ruwa.

Abin takaicin, ba a ɓoye lokacin yake ba. Microsoft na sakin manyan gyare-gyarenta ranar Talata ta biyu a kowane wata. A cikin saitin kwamfutar ana iya ɗage sabuntawa har kwana 35, a bari sai ranar da akwai wuta tsayayya ko isasshen mai. Mutum zai sayi kwamfutar dubban nairori amma ya yi ƙyashin sayen UPS, ɗan akwatin batirin da ke riƙe ta na 'yan mintuna har a tayar da inji. Wannan ba tattali ba ne, ganganci ne.

Idan ta riga ta maƙale, a ba ta awa biyu ko uku, musamman tsohuwa. Muddin ƙaramar fitilar gaban akwatin tana ƙiftawa, aiki take yi. In ta tsaya cak, a cire filashi da firinta, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Katse ta sau biyu ko uku daidai lokacin da tambarin Windows ya fito zai buɗe shafin gyara, inda akwai zaɓin cire sabuntawar ƙarshe ba tare da an taɓa takardu ba.

Wani allon kuma ba matsala ba ce, sanarwa ce: tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, shi ya sa take nacin a koma Windows 11. Amma duk shafin intanet da ya cika allo yana cewa ka liƙa wani rubutu ko ka kira wata lamba don a ƙarasa sabuntawa, na 'yan damfara ne, ka rufe shi.

Don Allah masu shaguna, ku sayi UPS, kuma ku riƙa kwafe takardun jama'a a filashi duk ƙarshen mako.