Zaman Gaɓa a Ƙarƙashin Sauti: Yadda Ake Ɗora Kalmomin Waƙa a Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel, ko a cikin gari ko a ƙauyukan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san waƙoƙin niƙa da na daɓe da na gaɗa, haka kuma ya san yadda mawaƙan fada ke jero kirari a ranar hawan salla. Sai dai tun da injin niƙa ya maye gurbin dutse, siminti kuma ya maye gurbin daɓe, waƙoƙin da ke tafiya tare da waɗannan ayyuka suka soma ɓacewa. Ɗalibi yakan iya rubuta kalmomin waƙa a littafinsa, amma kalmomi kaɗai ba sa nuna inda murya ta hau ko inda ta sauka. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake haɗa kalmomi da alamomin sauti a na'ura mai ƙwaƙwalwa, da dalilan da suka sa aka shimfiɗa ƙa'idojin aikin.

Rubutun sauti a taƙaice

Ana rubuta sauti a kan layuka biyar da aka jera kamar matakan tsani. Kowane sauti yana da ɗigonsa. Matsayin ɗigo a kan tsanin shi ke nuna tsinin murya, siffarsa kuma ita ke nuna tsawon lokacin da za a riƙe shi. Ana danganta tushen wannan tsari ga wani malamin Italiya mai suna Guido na garin Arezzo, wanda ya rayu a ƙarni na 11. A shekarar 1558 wani masani a birnin Benis, Gioseffo Zarlino, ya wallafa ƙa'idojin ɗora kalmomi a ƙarƙashin ɗigo, kuma daga cikinsu akwai cewa a ba doguwar gaɓa dogon sauti, gajeriya kuma gajeren sauti.

A da, da hannu ake sassaƙa wannan rubutu a kan farantin ƙarfe. Daga baya manhajoji suka karɓi aikin: Finale ta fito a 1988, Sibelius a 1993, LilyPond a 1996, Dorico kuma a 2016. Wadda ta fi dacewa da makarantunmu ita ce MuseScore, domin kyauta ake samun ta, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet.

Abin da ido da maƙogwaro ke buƙata

Ƙa'ida ta farko ita ce kowace gaɓa ta zauna daidai ƙarƙashin ɗigon da za a rera ta da shi. Dalilin wannan yana cikin halittar ido. A tsakiyar tantanin da ke bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan gurbi da ake kira fobiya, kuma shi kaɗai ne ke gani tar-tar. Faɗin abin da yake kamawa bai wuce kimanin digiri 2 ba, wato kwatankwacin farcen babban yatsa idan mutum ya miƙe hannunsa. Saboda haka ido ba ya shara a kan layi. Tsalle yake yi yana tsayawa, kamar sau 3 ko 4 a daƙiƙa guda. Idan gaɓa tana kusa da ɗigonta, mai rerawa zai kama su a tsayuwa ɗaya. Idan kuwa ta kauce, dole ya yi kallo biyu, kafin nan kiɗa ya wuce shi.

Haka nan murya tana da iyakarta. Iskar da huhu ke turowa ita ke kaɗa tantani biyu da ke cikin maƙogwaro, kuma yawan kaɗawarsu a daƙiƙa shi ke ba da tsinin sauti. Tunda iskar tana ƙarewa, akan sa wata alama mai kama da waƙafi a saman tsani don nuna inda za a shaƙi numfashi. Ya kamata wannan alama ta faɗo a ƙarshen kalma ko ƙarshen ɗango, domin numfashi a tsakiyar kalma yana raba ta gida biyu a kunnen mai sauraro.

Rarraba gaɓoɓin Hausa

Manhaja ba ta san Hausa ba, don haka rarraba gaɓa aikin mai rubutu ne. Gaɓar Hausa iri biyu ce ta fuskar nauyi. Akwai sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, akwai kuma nannauya, wato baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko kuwa baƙi da wasali da wani baƙin. Ga misalai daga sunayen garuruwanmu: Gu-mel, Mai-ga-ta-ri, Ga-ga-ra-wa, Su-le Tan-kar-kar. A lura cewa Tankarkar gaɓoɓi uku ne, dukkansu nannauya. Baƙi mai ruɓi ana raba shi tsakanin gaɓoɓi biyu, kamar sal-la da han-nu. Amma haruffa irin su ts da sh da ky da gw da ƙw sauti guda ne kowannensu, ba a raba su: tsun-tsu, ƙwar-ya.

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, alhali kuwa su ke bambanta ma'ana. Gari na mazauna gaɓarsa ta farko gajeriya ce, garin tuwo kuwa doguwa. Kuka na hawaye murya tana sama a gaɓoɓinsa biyu, kuka ta miya kuma murya tana sauka a gaɓa ta biyu. A nan ne rubutun sauti yake da amfani na musamman ga Hausa, domin tsawon ɗigo da matsayinsa suna adana yadda mawaƙi ya furta kalmar. Masana sun daɗe suna nazarin wannan dangantaka. A 1972 Paul Richards ya auna yadda karin harshe ke tafiya da karin murya a wata waƙar Hausa, sannan a 2019 aka buga binciken Bruce Hayes da Russell Schuh game da yadda ake rera waƙoƙin Hausa masu karin rajaz.

Matakan aiki a manhaja

Bayan an shigar da ɗigogin sauti a MuseScore, sai a zaɓi na farko a danna maɓallin Ctrl tare da L, a rubuta gaɓa. Idan kalma ba ta ƙare ba, a danna karan ɗori, manhajar za ta tsallaka ɗigo na gaba ta kuma daidaita karan a tsakiyar gaɓoɓin biyu. Idan kalma ta ƙare, a danna dogon maɓallin ba da tazara.

Sau da yawa mawaƙi yakan ja gaɓa ɗaya a kan sautuka uku ko huɗu. Idan gaɓar ita ce ta ƙarshen kalma, ana jan siririn layi a ƙasa tun daga ƙarshenta har zuwa ɗigon da jan ya tsaya. Idan a tsakiyar kalma take, karan ɗori ake amfani da shi. Irin wannan gaɓa ana fara ta ne daga gefen hagu na ɗigon farko maimakon a sa ta a tsakiyarsa, kuma akan haɗa ɗigogin da lanƙwasasshen layi domin mai rerawa ya san gaɓa ɗaya ce. Aya da waƙafi suna manne da gaɓa, layin jan kuma yana biyo bayansu.

Baiti na biyu yana zama ƙarƙashin na farko, kowanne da lambarsa. Mazaunin kalmomi shi ne ƙasan tsani, alamomin ƙarfin murya kuma sama, don kada su cakuɗe.

Zubin haruffa

Yawancin waƙoƙinmu na baka suna da jagora da 'yan amshi. Hanya mai sauƙi ta bambanta su ita ce a rubuta kalmomin jagora da miƙaƙƙun haruffa, na amshi kuma da haruffa masu karkata, waɗanda ake kira rubutun tsutsa. Idan muryoyin biyu suna shiga juna, a ba kowacce tsaninta.

Sai kuma batun haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane zubin haruffa ke ɗauke da su ba, kuma idan babu su sai ƙafa ta koma kafa, ko wani akwati ya bayyana a gurbin harafin. Zubin Charis da Gentium, waɗanda ake samu kyauta, suna da su duka. Mai son ajami kuwa ya sani cewa sauti yana tafiya daga hagu zuwa dama ne, don haka gaɓoɓi za su jeru zuwa dama ko da yake kowacce ana karanta ta daga dama, kamar yadda ake yi a rubutun waƙoƙin Larabci.

Kammalawa

An ƙirƙiri tsanin sauti ne domin kiɗan Turai, saboda haka ba ya kama duk wani lanƙwasa da gangara na muryar Bahaushe. Ya wajaba a riƙa ajiye muryar da aka naɗa tare da rubutun, da sunan garin da ranar da aka ɗauka, bayan an nemi izinin mai waƙar. Haka kuma a watan Agusta na 2024 kamfanin da ke da Finale ya daina sayar da ita bayan shekaru fiye da 30, abin da ke nuna cewa manhaja ma tana da ajali. Don haka a adana kowane aiki a tsarin MusicXML wanda sauran manhajoji ke iya buɗewa, a kuma buga shi a takarda. Malaman Hausa da na kwamfuta a makarantun sakandare, tare da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, suna iya somawa da waƙar gaɗa guda ɗaya daga bakin wata tsohuwa a unguwarsu.