Tsohuwar Bindiga Mai Baki Biyu a Yankin Ɗandume: Matsayinta Tsakanin Kayan Farauta da Kayan Tarihi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu da matsayinta a yankin noma na Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi. Ta bibiyi zuwan bindiga ƙasar Hausa, ta fayyace alamomin da ake gane asalin mai baki biyu da su, sannan ta nuna cewa ma'aunin da masu tara irin waɗannan bindigogi a Turai suke auna daraja da shi bai dace da ƙasar Hausa ba. A nan, gyaran da maƙeri da masassaƙi da baduku suka yi wa bindiga shi ne babban tarihinta. Daga ƙarshe ta jawo hankalin manazarta ga taskace bayanan waɗannan kayayyaki kafin matsalar tsaro ta haɗiye su.

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai, tara tsofaffin bindigogin farauta masu baki biyu sha'awa ce mai kasuwa da gwanjo da littattafai. Bahaushe bai san wannan al'ada da wannan siffa ba. Shi bindigar da ta tsufa a gidansa gado ce: ta kaka ce da ta sauko hannun uba, tana jingine a lungun turaka ko rataye a zaure. Amma rashin masu tarawa ba ya nufin rashin abin tarawa. Ɗandume, wadda ta yi suna da kasuwar hatsi, tana kudancin Jihar Katsina, kusa da dazuzzukan Sabuwa da Faskari da Birnin Gwari, inda noma da farauta suka daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Manomi kan kare gonarsa daga birai da gadu da damina, ya shiga daji neman zabi da fakara da zomo bayan an kau da amfanin gona. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda za a karanci tsohuwar bindigar irin wannan manomi kamar yadda ake karanta tsohon rubutu.

2.0 Zuwan Bindiga Ƙasar Hausa

Harshe ne shaida ta farko. Kalmar "bindiga" daga Larabci ta samo asali, wato "bunduƙiyya", haka ma "albarushi" daga "al-barud", da "harsashi" daga "ar-rasas", ma'ana dalma. Wannan ya nuna cewa ta fuskar gabas da arewa Bahaushe ya fara jin labarin makamin, kafin ya zo masa daga bakin teku. A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Barno ya yi amfani da maharba bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma nuna Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga. Duk da haka, kamar yadda Joseph Smaldone ya bayyana a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, doki da takobi da mashi da baka su suka riƙe fagen fama har tsakiyar ƙarni na 19. Bindiga ta yawaita ne a ƙarshen ƙarnin, lokacin da Sarkin Damagaram Tanimu ya tara ta da yawa har aka ƙera masa igwa a Zinder, Rabe kuma ya ci Barno a 1893 da ƙarfinta.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta taƙaita shigar da bindigogin zamani wani babban yanki na Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa ta gargajiya mai ƙanƙara wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan ne ya raba bindigogin farauta gida biyu a zamanin mulkin mallaka. Talaka ya riƙe ta ɗuri, wadda maƙeran gida suka koyi gyara ta da ƙera ta, ya raɗa mata sunaye irin su bindigar toka da adaka da baushe da harba-ka-ruga. Mai baki biyu kuwa, wadda ake karya ta a tsakiya a zura mata harsashi, sai da lasisi da kuɗi mai kauri, don haka ta fi zama a hannun hakimai da attajirai da manyan ma'aikatan En'e. Isowar jirgin ƙasa Funtuwa a shekarun 1920, a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da bunƙasar cinikin auduga, su suka kusanto da kayan kanti, suka kuma samar da masu halin sayen irin wannan bindiga a yankin.

3.0 Yadda Ake Karanta Bindiga Mai Baki Biyu

Mai baki biyu iri biyu ce: wadda bututunta biyu suke jere gefe da gefe, da wadda ɗaya yake bisa ɗaya. Ta farko ita ce ta fi tsufa a hannun maharba. Cikin bututun sumul yake, ba a yi masa zanen murɗiya ba, domin ƙananan ƙwayoyin dalma take watsawa, abin da ya sa ta dace da tsuntsu da ƙananan namun daji. Amfanin baki na biyu a bayyane yake: idan harbin farko ya kuskure, na biyu yana nan ba sai an sake ɗuri ba. Lambar 12 da aka fi gani a jikinta tsohon awo ne na Ingilishi, ma'anarsa ƙwallayen dalma 12 masu faɗin cikin bututun su ne nauyin laba ɗaya, faɗin kuwa ya kai kimanin milimita 18.5.

Shekarun bindiga sukan bayyana a ƙirarta. Wadda take da guduma biyu a waje, da ake ɗana su da babban yatsa, tsohon salo ne. Salon da ya ɓoye gudumar a ciki ya yaɗu ne bayan 1875, shekarar da Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards a Birmingham suka yi rajistar ƙirarsu. Akwai kuma bututun da aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe, mai zane kamar igiyar ruwa. Irin wannan don tsohon baƙin albarushi aka ƙera shi, harsashin zamani kuwa yana iya fasa shi a hannun mai harbi.

Shaida mafi ƙarfi tana ƙarƙashin bututu, inda ake buga tambarin gwaji. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, dokar ƙasashen da ke ƙera bindiga ma haka ta tanada. Gidan gwajin bindiga na Birmingham an kafa shi a 1813, na Liège a ƙasar Beljiyam kuwa tarihinsa ya koma 1672, tambarinsa shi ne haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Bindigar da ta fito daga Saint-Étienne ta Faransa, kamar samfurin Robust na kamfanin Manufrance, tana nuni ga kasuwar ƙasashen rainon Faransa, don haka ganin ta a ƙasar Katsina yakan sa a waiwayi hanyar Maraɗi da Damagaram. Samfurin Baikal na Tarayyar Sobiyet kuwa na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Ashe tambari guda kan iya buɗe tarihin hanyar fatauci gaba ɗaya.

4.0 Ma'aunin Daraja Biyu

Mai tara bindiga a Turai abu uku yake nema: sunan maƙeri, da ƙarancin samfurin, da kasancewar bindigar yadda ta fito daga masana'anta. A wurinsa kowane gyara ragin farashi ne. Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka zo da shi Ɗandume, da wuya a sami wadda za ta tsallake, domin bindigar da ta yi shekara sittin tana shan ƙura da raɓa ba ta rasa tabo.

Amma ga manazarcin al'ada, tabon shi ne nassin. Ƙotar da ta tsage ko gara ta ci, masassaƙi ya maye ta da icen gida. Ƙarfen da ya karye a ciki, maƙeri ya ƙera madadinsa a uwar maƙera. Baduku ya naɗe wuyanta da jar fata, ya yi mata maratayi, maharbi kuma ya ɗaura mata laya ko guru saboda imaninsa cewa daji yana da masu shi. Bindiga guda ta haɗa hannun maƙerin Liège da sana'o'in Hausa uku ko huɗu, ga kuma tsarin imani a kanta. Wannan gauraye shi ne baƙon abu na haƙiƙa, domin masana'anta ta fitar da dubbai iri ɗaya, amma babu biyu da suka yi rayuwa iri ɗaya a ƙasar Hausa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Haka nan bindigar tana tafe da adabin baka. Tana da laƙabin da mai ita ya sa mata, da kirarin maharba, da labarin ranar da ta ceci rai ko ta ci amana. Tana da mazauni a tsarin sarauta, inda ake da Sarkin Baka a kan maharba da Sarkin Bindiga a fada. Idan aka raba ƙarfen da waɗannan bayanai, abin da ya rage tsatsa ne kawai.

5.0 Doka da Matsalar Tsaro

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ta ɗuri kuwa tana ƙarƙashin kulawar Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Tsufan bindiga ba ya cire ta daga lasisi, gado ma ba ya zama lasisi. A ɗaya ɓangaren, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta fi ba da kariya ga kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918, ko waɗanda aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya. Bindigar maharbi ƙirar waje ta shekarun 1950 sai ta faɗa tsakanin dokokin biyu: ta farko tana ganin ta makami, ta biyu ba ta hango ta sosai ba.

Matsalar tsaro ta ƙara tsananta lamarin. Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Katsina da aka katse wa layukan waya a Satumbar 2021 saboda hare-haren daji. Bindigar da ta yi ritaya sai ta koma bakin aiki a hannun 'yan sintiri, tana fuskantar makaman yaƙi. Wata ta fashe, wata maharan suka ƙwace, wata ta shiga tarin makaman da hukuma ke lalatawa. Babu mai musun wajibcin rage makamai a hannun jama'a, rai ya fi kayan tarihi. Abin lura shi ne, wutar da ke narka makamin ɓarayi ba ta bambanta shi da bindigar da ta ga zamanin En'e.

Harshe ma ya ɗauki tabon wannan zamani. A da, "'yan bindiga" dakarun fada ne da ke ratsa hawan salla da ƙarar albarushi, jama'a na murna. A yau, yaron da ya tashi a Ɗandume da ya ji wannan kalma maharan daji yake tunawa. Wannan sauyin ma'ana, da ya auku a gaban idonmu, shi kansa fage ne na nazari.

6.0 Aikin da Ke Gaban Manazarta

Ba a neman manazarci ya tara bindigogi a gidansa, doka ba ta ba shi wannan dama ba. Abin da zai tara shi ne bayani: hoton bindiga da tambarinta, da jerin hannayen da ta ratsa, da gyare-gyarenta da sana'ar da ta yi kowanne, da sunayen sassanta kamar kunama da ƙota da baki, da kirarin da ke tafe da ita. Ana iya gwada waɗannan sunaye da abin da ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace, a ga waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa daga baya. Wajibi ne a bi ta hannun masu unguwanni da shugabannin maharba da jami'an tsaro, a kuma sakaya sunayen masu kayan, domin a wannan yanayi bayyana gidan da ke da bindiga jefa mutanensa cikin haɗari ne.

Sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna iya haɗa kai da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da gidajen tarihi irin su na Katsina da Gidan Makama a Kano, su nemi a riƙa tantance makaman da aka tattara kafin a lalata su. Wadda aka ga tana da ƙimar tarihi sai a kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a ajiye ta tare da labarinta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsohuwar bindiga mai baki biyu a yankin Ɗandume tana ɗauke da tarihin fatauci a tambarinta, da tarihin sana'o'in Hausa a gyare-gyarenta, da tarihin mulki a lasisinta. Darajarta ba a sabunta take ba, tana cikin hannayen da suka taɓa ta. Ƙarfe yana iya jira, amma dattawan da suka san wanda ya sayo ta da wanda ya sassaƙa mata ƙota ba za su jira ba. Su ne ya kamata a fara isa gare su.